Kamun Ƙafa a Kan Manhaja: Bauchi Ta Ba da Shugabanni, Ina Muryarta?

Tun zamanin kakanni ba a taɓa barin wata sana'a a ƙasar Hausa babu shugaba ba. Mahauta suna da Sarkin Pawa, maƙera suna da Sarkin Maƙera, wanzamai suna da Sarkin Aska, haka magina, haka marina. Aikin waɗannan sarakuna kuwa bai tsaya ga rabon gardama tsakanin 'yan sana'a da tara haraji ba. Babban amfaninsu shi ne, in aka ɗora wa sana'a kayan da ya fi ƙarfinta, ko kuwa aka ji ƙishin-ƙishin ana shawarar wata doka wadda za ta taɓa abincin 'ya'yanta, to, akwai mutum guda wanda zai naɗa rawaninsa ya nufi fada ya kai kuka. In bai sami ganin Sarki ba, ya san bafaden da zai bi ta hannunsa. Wannan shi ne kamun ƙafa, ba kuwa wanda ya taɓa ɗaukarsa abin kunya.

To, ga shi zamani ya zo da wata sana'a wadda ba ta da rumfa a Kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal, amma dukiyar da ke yawo a cikinta ta fi ta kasuwannin nan biyu nesa ba kusa ba, watau sana'ar rubuta manhaja. Ita na'ura mai ƙwaƙwalwa, wadda yanzu kowa ke kira kwamfuta, da ƙanwarta wayar hannu, ƙarfe ne da roba kawai. Manhaja ita ce umarnin da wani ya zauna ya rubuta, wanda ke gaya wa ƙarfen abin da zai yi. In ma'aikaci ya ji wayarsa ta yi ƙara albashi ya shigo, in ɗalibi ya duba sakamakon jarrabawar shiga jami'a, in mai shago ya karɓi kuɗin buhun shinkafa ba tare da ya taɓa takardar Naira ba, duk manhaja ce ta yi aikin, kuma akwai wanda aka biya ladan rubuta ta. Ko wane ne shi, ko a wace ƙasa yake zaune, ko da Naira aka biya shi ko da Dala, doka tana da babban hannu a ciki. Ita doka kuwa mutane ne ke zama su tsara ta, waɗansu mutane kuma suna tsaye a bakin ƙofa suna raɗa musu abin da suke so a sa.

Dalilin da ya sa wannan magana ta shafi birnin Bauchi fiye da sauran garuruwan Arewa a fili yake. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda aka kafa a 1980 da sunan Jami'ar Fasaha ta Tarayya, ita ce ta yaye mutum biyu waɗanda suka riƙe ragamar wannan fanni a Nijeriya. Dokta Isa Ali Ibrahim Pantami, mutumin Gombe, a nan ya karanta ilmin kwamfuta, a nan kuma ya koyar, kafin a ba shi shugabancin Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa, watau NITDA, a 2016, sa'an nan ya zama Ministan Sadarwa daga 2019 zuwa 2023. Wanda ya gaje shi a hukumar, Malam Kashifu Inuwa Abdullahi, mutumin Haɗeja, shi ma a jami'ar nan ya yi karatun kwamfuta. Ke nan kusan shekara huɗu, da minista da shugaban hukuma duka tsofaffin ɗaliban Bauchi ne. Amma sai mai karatu ya tambayi kansa: cikin dukan muhawarar da aka tabka a shekarun nan a kan dokokin wannan sana'a, sau nawa ya ji an ce ga matsayin masu rubuta manhaja na Bauchi, ko na Arewa maso Gabas baki ɗaya, a rubuce, da sa hannun shugabanninsu?

Waɗanda aka ji muryarsu sanannu ne. Tsohuwar cikinsu ita ce ƙungiyar masana kwamfuta ta ƙasa, wadda aka fara a 1978, ta koma NCS a 2002. Sai ISPON, ƙungiyar masu sana'ar rubuta manhaja, wadda aka kafa a 1999, wadda kuma shugabanninta irin su Chris Uwaje suka yi shekaru suna nanata magana guda, cewa Gwamnatin Tarayya ita ce babbar mai sayen manhaja a ƙasar nan, saboda haka ta fara saye a gida. Akwai kuma ATCON da ALTON, na kamfanonin sadarwa, waɗanda suka fi kowa nauyin aljihu. Yawancin kamfanonin da ke riƙe da waɗannan ƙungiyoyi a Ikko suke, in za su kai kuka kuwa sai su hau jirgi su sauka Abuja, kafin azahar sun ga wanda za su gani.

Ba za a ce wahalarsu ta tafi a banza ba. A 2013, zamanin da Uwargida Omobola Johnson take minista, NITDA ta fitar da ƙa'idodin da suka wajabta wa ma'aikatun gwamnati su nemi manhaja a gida muddin akwai mai iya yin ta, su kuma ajiye bayanan gwamnati a cikin ƙasa. A watan Mayu 2017 Muƙaddashin Shugaban Ƙasa, Farfesa Yemi Osinbajo, ya sa hannu a umarni mai lamba 003, wanda ya ce aƙalla kashi 40 cikin 100 na abin da ma'aikatu za su kashe a kan waɗansu kayayyaki, har da na fasahar sadarwa, ya tafi ga na gida. A watan Fabrairu 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙara da umarni mai lamba 005. A watan Mayu 2025 kuma gwamnatin Shugaba Bola Tinubu ta sake shelar a fifita kayan Nijeriya a kwangilolin gwamnati. Duk uban da ya faɗa wa yaro magana ɗaya sau huɗu cikin shekara goma sha biyu, ai ya san ba a ji ta ba tun farko.

Shaida kuwa tana nan a rassan bankunan da ke cikin garin Bauchi. Yawancin manyan bankunan ƙasar nan da manhajar waje suke riƙe da ajiyar jama'a: waɗansu da Finacle ta kamfanin Infosys na Indiya, waɗansu da Flexcube ta Oracle, waɗansu da T24 ta kamfanin Temenos na Suwizalan, kuma kowace shekara sai an sabunta lasisi da kuɗin waje. Har abin ya zama labari a 2024 sa'ad da bankin Sterling ya bar ta waje ya koma kan wadda 'yan Nijeriya suka rubuta. Ba kuwa don babu gwanaye a gida ba, domin Remita, wadda gwamnati ta ɗora asusunta na bai-ɗaya a kanta a 2015, kamfanin SystemSpecs na Ikko ne ya yi ta.

Kada kuma a zaci 'yan gida kaɗai ne ke kamun ƙafa a Abuja. Manyan kamfanonin Amurka suna da tasu ƙungiya, BSA, wadda Microsoft da 'yan'uwansa suka kafa a 1988, suna kuma da gwamnatinsu a bayansu. Ofishin wakilin cinikin Amurka yana fitar da rahoto kowace shekara a kan abubuwan da yake gani suna tare wa 'yan kasuwarsu hanya a ƙasashen duniya, ya kuma sha sa ƙa'idodin nan na 2013 a ciki. Masu dogon tunani za su tuna abin da ya faru a 2007, lokacin da wani kamfanin Faransa mai suna Mandriva ya ci kwangilar sa manhajarsa a kwamfutoci 17,000 na 'yan makarantar Nijeriya, sai kwatsam ya ji labarin za a goge tasa a sa Windows. Shugaban kamfanin ya rubuta wa shugaban Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa mai zafi, su kuwa suka ce ba su karya wata doka ba. Yaran da za su yi amfani da kwamfutocin da malamansu, ba wanda ya tambaye su.

Ƙasar da ta nuna iyakar abin da ƙungiya za ta iya yi ita ce Indiya. A 1988 kamfanonin manhaja na can, waɗanda a lokacin ƙanana ne, suka haɗu suka kafa NASSCOM. Wani matashi mai suna Dewang Mehta ya riƙe ta daga farkon shekarun 1990 har rasuwarsa a 2001, aikinsa kuwa shi ne bin ofisoshin ministoci da takarda a hannu. Ba su nemi gwamnati ta raba musu kuɗi ba. Sun nemi a ɗage musu haraji a kan abin da suka sayar waje, a sauƙaƙa shigo da na'urori, a ba su hanyar sadarwa da tauraron ɗan'adam. A 1991 gwamnati ta kafa hukumar da ke kula da unguwannin masana'antun manhaja, wadda ta tattara waɗannan sauƙaƙe wuri guda. Manhajar da ke ƙidaya kuɗin ɗan kasuwar Bauchi a yau, daga wannan shuka ta fito.

A gida ma an ga irin haka, ko da yake bai kai na Indiya ba. A unguwar Yaba ta Ikko, wata cibiyar matasa mai suna CcHub ta lallashi gwamnatin jihar, zamanin Gwamna Babatunde Fashola, ta yafe kuɗin haƙa gefen titi, kamfanin MainOne ya shimfiɗa musu wayar intanet mai sauri a 2013. Daga nan kamfanoni suka yi ta tarewa a unguwar, har mai Facebook, Mark Zuckerberg, ya kai musu ziyara a 2016. Da wuya ta yi wuya, watau bayan hana acaɓa a manyan titunan Ikko a watan Fabrairu 2020, wanda ya durƙusar da kamfanonin da ke haɗa fasinja da ɗan acaɓa ta waya, da kuma umarnin Babban Banki na watan Fabrairu 2021 a kan kuɗin kirifto, sai matasan nan suka gane cewa takarda ɗaya daga ofis ɗaya tana iya rushe aikin shekara biyar. Suka haɗa kai da lauyoyi da masu zuba jari da jami'an fadar Shugaban Ƙasa, suka tsara shirin doka da kansu, suka bi shi ɗaki ɗaki a Majalisar Dattijai da ta Wakilai, har Shugaba Buhari ya sa masa hannu ran 19 ga Oktoba 2022, ya zama Dokar Sababbin Kamfanonin Fasaha.

A daidai wannan lokaci kuma suka taso wa wani shirin doka na dabam, wanda ya ɓulla a watan Agusta 2021, mai nufin sake dokar NITDA ta 2007, ya ba hukumar ikon ba da lasisi da cin tara mai tsanani. Suka ce ba a hana mutum koyon sana'a da lasisi, kamfanonin sadarwa kuma suka ce ai suna da hukumar da ke kula da su, ba sa son iyayen giji biyu. Majalisa ta tara ta gama wa'adinta a watan Yuni 2023, shirin bai zama doka ba. Haka harajin kashi 5 cikin 100 da aka so ɗora wa kiran waya da intanet a 2022: ALTON da ATCON suka yi ca, Minista Pantami da kansa ya fito fili ya saɓa wa takwararsa ta kuɗi, aka dakatar da shi a watan Satumba na shekarar.

Wannan misali na ƙarshe ya kamata samarin Bauchi su tsaya su dube shi da kyau, domin a nan kuskuren da ya daɗe yana cin Arewa yake. An saba da tunanin cewa in ɗanmu yana kan kujera, magana ta ƙare, sai dai a shirya tawaga a je a gaishe shi, a ɗauki hoto, a nemar wa yara uku aiki. Alhali kuwa minista na ƙasa ne duka, abin da ke gabansa a kan tebur shi yake dubawa. Ko da ya so ya yi faɗa a majalisar ministoci, tilas ya sami abin riƙewa, watau alƙaluma da hujja da jama'ar da zai ce ga su nan suna kuka. Kamfanonin sadarwa sun ba shi wannan, ya kuwa yi musu faɗan. Wanda bai kawo kome ba sai gaisuwa, da gaisuwa aka sallame shi. Daɗin daɗawa, kujera aro ce. A watan Agusta 2023 ma'aikatar ta koma hannun Dokta Bosun Tijani, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa CcHub ɗin nan ta Yaba. Su mutanen Yaba da ƙungiya suka fara, kujera ta same su daga baya, da za a karɓe ta gobe kuma ƙungiyarsu tana nan.

Wani zai ce, to, tun da ISPON da NCS suna magana da sunan kowa, NCS ma tana da rassa a jihohi, mene ne na wahalar da kai? Amsa ita ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Damuwar babban kamfanin Ikko ita ce kuɗin waje da harajin riba da yadda baƙon mai jari zai fitar da kuɗinsa. Damuwar samari huɗu da suka gama karatu a Yalwa ko Gubi ko Gwallameji, suka kama ɗaki guda da janareta, ta fi wannan ƙasa ƙwarai. Kafin a duba takardar neman kwangilar Gwamnatin Tarayya, sai an ga shaidar biyan haraji ta shekara uku da lissafin kamfani wanda akawu ya bincika, da waɗansu takardu. Yaron da ya fara aiki bara, ina zai samo su? Ita ma dokar 2022, mai alkawarin asusun aƙalla Naira miliyan dubu 10 kowace shekara, ba ta ba da cikakkiyar shaida sai ga kamfani mai rajista, wanda bai wuce shekara goma ba, wanda kuma 'yan ƙasa ke da aƙalla sulusin hannun jarinsa. Ta kafa majalisa a ƙarƙashin Shugaban Ƙasa, ta ware kujera huɗu ga wakilan dandalin sababbin kamfanoni, biyu daga ciki mata, da ɗaya ga NCS. Wanda bai shiga dandalin ba, ba shi da ƙuri'a a kan waɗanda za su zauna a kujerun.

Akwai kuma bukatar da babu mai ɗaga ta in ba Bahaushe ba. Har yanzu manhajoji da yawa na ofisoshi ba su san harufan ƙ da ɗ da ɓ ba, su mai da Ɗanladi Danladi, su mai da Ƙasimu Kasimu, in an matsa musu kuma su fitar da alamar tambaya a tsakiyar suna. Sharaɗi mai layi ɗaya a cikin takardar kwangila, cewa duk manhajar da jama'ar jiha za su yi amfani da ita lalle ta iya Hausa da harufanta, ta kuma yi aiki a ƙaramar waya inda sadarwa ba ta da ƙarfi, zai amfani talaka, ya kuma buɗe wa ɗan gida ƙofar da ya fi baƙo sanin hanyarta.

Wannan kuwa ba sai an je Abuja ba. Gwamnatin jiha ita ma mai saye ce: tana biyan albashi da fansho, tana tara haraji, tana riƙe da sunayen ɗalibai da marasa lafiya da takardun filaye, ga ƙananan hukumomi 20. Ba kuma kurma ba ce in an iya yi mata magana. Kamfanonin sadarwa sun yi shekaru suna bin gwamnoni a kan kuɗin haƙa hanyar waya, wanda aka yi yarjejeniyar tsayar da shi a kan Naira 145 kowace mita, har a 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta lissafa Bauchi cikin jihohin da suka yafe shi gaba ɗaya. Abin yabo ne. Sai dai waya hanya ce kawai, in babu kayan gida da za a ɗora mata, na waje za ta yi ta kawowa. Dattawan Bauchi ba su manta da kamfanin Steyr ba, wanda ya fara haɗa manyan motoci da taraktoci a garin nan a ƙarshen shekarun 1970. Gini ya yi kyau, ma'aikata sun ƙware, amma da gwamnatocin da ya kamata su saya suka juya wa na gida baya, ga kuma tsadar kuɗin waje, sai injuna suka yi shiru. Shirin nan na horar da matasa miliyan uku da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2023 zai iya cika gari da masu takardar shaida, amma horo bai taɓa zama kasuwa ba.

Duk da haka, kada a ɗauka ƙungiyar 'yan sana'a waliyyiya ce. Don cikin 'ya'yanta aka kafa ta, wani lokaci kuwa abin da ya yi musu daɗi shi ke cutar da jama'a. In aka ce dole gwamnati ta sayi na gida ko da ba ya aiki, ma'aikacin da albashinsa ya maƙale shi zai biya. Manya kuma sukan nemi dokar da za ta zama katanga tsakaninsu da masu tasowa. Dokar soja mai lamba 49 ta 1993, wadda ta kafa majalisar rajistar ƙwararrun kwamfuta, CPN, ta tanadi cewa mai yin wannan aiki don a biya shi sai ya yi rajista. Da za a bi ta sau da ƙafa, da yaron da ya koyi rubuta manhaja da kansa a wayarsa, irinsa kuwa suna da yawa, ya zama mai laifi. Bugu da ƙari, Amurka tana da doka tun 1995 wadda ta tilasta wa masu kamun ƙafa su rubuta sunansu da na wanda ya aiko su da abin da aka biya su. A nan an kawo shirin doka irin wannan gaban Majalisar Dattijai a 2016, bai kai ko'ina ba. Inda babu rajista, da wuya a bambance mai kawo hujja da mai kawo ambulan. Balle kuma cutar da ta saba kashe ƙungiyoyin Arewa tun suna jarirai, watau rigimar wa zai zama shugaba, da mai da taron shekara wurin raba wa manya lambobin yabo.

Maganin wannan shi ne a yi abin a bainar jama'a. Majalisar Dokokin Jihar Bauchi tana karɓar kasafin kuɗi kowace shekara, kwamitocinta suna zama da ma'aikatu ɗaya bayan ɗaya, kowace ma'aikata kuwa tana da abin da take kashewa a kan kwamfuta da manhaja. Malaman jami'a da na kwalejojin fasaha biyu da ke garin, da samari da 'yan matan da ke wannan sana'a, suna iya zama su fitar da takarda mai shafi biyu ko uku, su buga ta kowa ya gani: ga ayyukan da 'yan jiha suka riga suka yi suna kuma aiki, ga girman kwangilar da suke so a keɓe wa ƙananan kamfanoni, ga sharaɗin Hausa, ga kuma yardarsu a soke kwangilar duk wanda aikinsa bai ci jarrabawa ba. Zuwa Abuja sai an bi ta Jos an ɓata yini guda a mota, amma daga ƙofar jami'a a Yalwa zuwa Majalisar Dokokin Jiha, ko a Keke Napep tafiyar ba ta kai rabin sa'a ba.